Sabuwar Salka

Da Tasi'u ya dawo gida bayan shekarun da ya kwashe yana yawon duniya, sai ya tarar garin bai jira shi ba. An sare durumin bakin kasuwa, an kafa shagon cajin waya a gurbinsa. Rijiyar unguwa an rufe ta da kankare. Abokan ƙwallonsa duk sun yi tumbi, wani har Alhaji ake ce masa. Innarsa ta fara dogara sanda. Kawunsa Nomau ne kaɗai ke nan inda ya bar shi, a zaure yana tufkar igiya, sai dai gemun ya gama fari.

Shi ma ba zama ya kawo shi ba. Ya ba da sunansa a wata gasar tseren daji tare da wasu abokan yawonsa: gudu, hawan dutse, ƙetare kogi a kwalekwale, kwana inda dare ya riske su. Ƙa'idar kuwa ita ce su isa tare, ko a cire su tare. Saura 'yan makonni, niyyarsa ya kwanta ya ci tuwon Inna ya tara ƙarfi, in ranar ta zo ya saɓa jaka.

Ran nan da hantsi ya baje kayansa a tabarma don Kawu ya gani. Ga jakar goyo, ga tocilar ɗaurawa a goshi, ga igiya da usur da rigar ruwa, ga gorar roba mai tace ruwa, ga sabon takalmi, komai cikin ledarsa. Kawu ya ɗauki takalmin ya juya ƙasansa, ko ƙwayar yashi babu. Ya tambaya ko takalmin ya taɓa gaisawa da ƙafar mai shi.

"Kawu, wannan fa ba takalmin taya ba ne," in ji Tasi'u yana dariya. "Ajiye shi nake sai ranar, kada ya tsufa a banza."

"To, ɗan nan, matso in ba ka wani misali."

Ya ce a wani gari mafarauta suna da al'ada. In an gama girbi, samari kan ratsa wani daji da babu rijiya a cikinsa, wanda ya riga isa tafkin da ke ɗaya gefen shi ke riƙe ƙahon farauta a shekarar. Wasu abokai biyu suka je wajen baduku ɗaya, rana ɗaya, kowa ya sayi sabuwar salka da sabon takalmin fata. Na farko ya rataye nasa a ɗaki, ya lulluɓe da zane, baƙi na zuwa suna yabon ɗinkin. Na biyu ya jiƙa salkarsa, ya cika ta ya zubar, ya sake cikawa. Kullum sai ya goya ta zuwa gona, alhali gonar tana bakin rafi. Mutane suka yi ta yi masa ba'a, wai yana kai wa rafi ruwa. Kafin ranar tsere salkarsa ta yi baƙi ta muni, takalmin kuwa ya kwanta da ƙafarsa kamar tare aka haife su.

Ranar tafiya na farko ya fito fes, ya cika salka a bakin gari, ya wuce kowa. Da rana ta take ya ji bayansa sharkaf, ya ɗauka gumi ne. Bai san sabuwar salka sai ta sha nata kafin ta ba ka naka ba, ɗinkinta kuma ba ya kamewa sai fatar ta kumbura. Da ƙishirwa ta kama shi ya kwance bakinta, ɗan abin da ya rage ja ne, da ɗacin bagaruwar jima. Ya kurɓa ya tofar. Maɗaurin takalmi ya riga ya ci tsakanin yatsunsa, ya tuɓe ya riƙe a hannu, tsidau ya karɓi tafin ƙafar. A gindin wata aduwa abokinsa ya same shi kwance, leɓe ya tsage. Ya durƙusa ya shayar da shi, ya tallafe shi suka koma gida suna ɗingishi. Ƙaho dai wani can ya ɗauka.

Kawu ya koma kan igiyarsa. Can ya ce shi mai sabuwar salka bai ba shi tausayi sosai ba, abin da ya shuka ya girba. Wanda ke tsaya masa a rai shi ne ɗayan, da ya yi duk abin da ya kamata, sakacin wani ya cinye masa shekara.

Tasi'u ya dubi kayan ya tuna abokansa, musamman wanda ya bar aikinsa saboda wannan gasa. Ya jawo wuƙa ya shiga farke ledoji. Da la'asar ya buga musu waya ya ce su haɗu a gindin duwatsu tun yanzu, kowa da cikakkiyar jakarsa a baya, su yi ta hawa da sauka har kayan su saba da su.

Inna ta ji, ta ce ita dama ta sani, ƙafarsa ƙaiƙayi take yi tun yana rarrafe. Duk da haka ta tashi ta daka masa ƙuliƙuli da garin fura. Washegari Tasi'u yana durƙushe a zaure yana ɗaure igiyar takalmi, ya riga ya fara jin inda yake matse masa ɗan yatsa, ya yamutsa fuska.

"Gara ya cije ka a ƙofar gida," in ji Kawu. "Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya."