Notin da Ban Ɗaure Ba

Tun da aka hana babur a Maiduguri nake yawan tuna wata la'asar a garejin Baba, a Gamboru. Wani mai kawo mana gyara, Malam Bukar, ya dawo da babur ɗinsa da muka gyara, wai jijjiga ta kusa kayar da shi. Baba ya rantse ba daga aikinmu ba ne, don na ce masa na ɗaure notin da ke riƙe inji, alhali ƙwallo na tafi.

Baba ya tayar da babur ɗin, ya ɗora tafinsa kan tanki, ya ji jijjigar. Sai ya tsuguna ya taɓa notin. Da yatsa kawai ya juya.

Bai dake ni ba. Ya ce, "A kan maganarka na rantse, ɗana."

Har ya rasu, duk abin da na ɗaure sai ya bi da sifana. Ni na jawo.