Sabuwar Tsumagiya

Ni na fara ganin abin, kafin duk malaman nan masu baƙar riga. Ban yi boko ba, amma a lambun wannan makarantar kwana ta kan dutse na tsufa, na ga bayan masu ilimi da yawa.

Ranar da aka naɗa wani yaro shugaban ɗalibai, aka miƙa masa tsumagiyar da manya ke zane ƙanana da ita. Ya san ta sarai. Yana ƙarami yakan zo in shafa masa kurkum a shatin duka, yana rantsuwa sai ya ƙona ta.

Ya kuwa ƙona ta, yara suna tafi. Sai ɗakin kwana ya zama kasuwa. Ya yi magana, suka kwaikwayi muryarsa. Ya lallashe su, suka ɓoye masa takalma. Takaici ya hana shi ko shan shayi.

Rannan ya same ni a gindin gora.

"Baba, yanko mini wata."

"Kai da ka rantse, ɗana?"

"Siririya," ya ce, bai dube ni ba. "Ta fi shiga jiki. Na sani."

Mai musu ya zo lambuna gobe, ya ga layin masu jiran kurkum.