Ajiyar Auta

Ranar da aka sallamo tela daga asibiti, Auta ta shigo masa da wata siririyar kwalba naɗe cikin baƙin ƙyalle. Ita ce ƙaramar 'yarsa, aikinta kuwa kiwon tururuwa a ɗakin bincike, abin da har yau yake jin nauyin faɗa wa mutane.

"Sabuwar sarauniyar tururuwa ce, Baba," in ji ta. "Akwai ruwa a ƙasan kwalbar, auduga ta tare shi, wata audugar ta toshe baki. Ba ta cin komai sai 'ya'yanta na fari sun fito. Duhu take so da shiru. Kada a ɗaga ta, kuma in ta ji jijjiga cinye ƙwanta za ta yi."

Ya kai hannu zai yaye ƙyallen, ta riƙe shi. Ta buɗe aljihun keken ɗinkinsa, ta kwantar da kwalbar tsakanin zare da allurai, tana magana tana kallon bango. Wai tafiyar aiki ce ta kama ta, kuma ba wanda ta yarda da shi sai shi.

Likita ya hana shi taka keke har ɗinkin cikinsa ya warke, ya yi kunnen uwar shegu. Babban ɗansa ya ce tsufa ya fara taɓa shi, in ya sake yin wani shirme zai rufe shagon ya kwashe shi zuwa gidansa. Wannan ma bai sa ya ji ba. Sai ga shi ɗan ƙwaro ya ɗaure masa ƙafa.

Tun rasuwar matarsa, ƙarar keken nan ce ke cika masa gida. Da ta tsaya, masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit. Sai ya riƙa jawo kujera kusa da aljihun, yana ba sarauniya labari ƙasa-ƙasa: yadda cikin ya kwana, wanda ya rasu a layi, irin faɗan da marigayiya ke yi in ya zubar da allura a tabarma. Auta kan kira ta tambayi magani da abinci da ko ya taka keke. Ba ta taɓa tambayar lafiyar ajiyarta ba, har abin ya ba shi haushi.

Wata safiya kaɗaici ya ci ƙarfinsa. Ya ce bari dai ya ga fuskar wadda yake ta yi wa hira. Ya ɗaga gefen ƙyallen a hankali.

Wayam. Toshiyar baki na nan daram, amma babu sarauniya, babu ƙwai.

Ya zazzage aljihun, ya warware zare, ya ɗaga tabarma. Ya tuna ranar da ya ja aljihun da ƙarfi zai ɗauki allura, ya ce shi ke nan, shi ya kore ta. Tsoro ya kama shi. Mutumin da ya kasa riƙe amanar tururuwa, wa zai bar shi ya riƙe gida shi kaɗai?

Da aka yi ruwa, ya tuna surutun Auta tun tana yarinya: bayan ruwa sababbin sarauniyoyi ke sauka, su karya fuka-fukansu, su shiga neman rami, kuma mai sauran fiffike ba a dogara da ita. Ya ɗauki kwalin ashana ya fita. Ya durƙusa a gindin katanga, hannu ɗaya dafe da ciki, yana tona laka da yatsa. Mutane suna kauce masa. Wata mata ta tsaya ta ce Allah ya sawwaƙe, ta wuce.

Ruwan farko bai samu ba, na biyu ma haka. Ɗinkin cikinsa ya fara tsattsafo da jini, ya ɗaure da guntun yadi, bai faɗa wa kowa ba. A ƙarshe ya sami wata sarauniya a bayan garejin makaniki, baƙa, mai ƙaton ciki, ba fiffike, tana gudu ita kaɗai. Ya kawo ta gida, ya sa ta a kwalba, ya mayar da ƙyalle yadda yake.

Bayan 'yan makonni Auta ta dawo, ta shigo da fara'a, ta ja aljihun ba wani lallaɓawa.

"Baba, akwai maganar da zan faɗa maka, amma kada ka yi fushi," ta ce, tana warware ƙyallen tana dariya.

Dariyar ta tsaya. Ga sarauniya kwance kan tarin ƙwai, ƙananan 'ya'yanta ma'aikata na kai da komo a jikinta.

"Kin gan ta nan yadda kika bar ta," tela ya yi sauri ya ce. "Ko leƙawa ban yi ba."

Auta ta dubi gwiwoyinsa da suka saɓule, ta dubi ɗaurin da ya turo ta ƙarƙashin rigarsa. Idonta ya kawo ruwa.

"Baba," ta ce a hankali, "so na yi kawai ka huta. Ai ban sa komai a cikin kwalbar ba."