Mazarƙwaila a Cikin Hula

Kin ce kin kulle gwangwanin suga a akwati kin rataya makullin a wuya, amma har yau mahaifinki da ya tsame hannu daga tuwo sai ya fara waige-waige kamar wanda ya yar da allura. Kin yi faɗa, kin yi kuka, har kin ce masa so yake ya mayar da ke marainiya. Na san tsoron ciwon sugan nan nasa ne ya sa ki, ba rashin kunya ba. To ajiye makullin nan tukuna, ki ji wani misali.

An yi wani manomin rake a bakin fadama, wanda ya tsufa yana dafa mazarƙwaila. A unguwarsu ciyayya ake yi, kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gida a haɗu a ci tare. In an wanke hannu shi ne zai zaro curin mazarƙwaila, ya ɗora a gwiwa, ya fasa da ƙotar wuƙa, ya bi kowa da nasa, sannan ya jefa ɗan guntun da ya rage a baki. Ana nan abokan suka fara raguwa, wani ƙasa ta rufe masa ido, wani 'ya'ya suka ɗauke shi zuwa birni. Tabarma ta koma tasa shi kaɗai, curin kuwa bai rage girma ba, sai ya zama shi ke cinye rabon kowa. Wata rana ƙaya ta soke shi a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. A asibiti aka ce ciwon suga ne, aka ba shi magani, aka kuma gaya masa in bai rage zaƙi ba, ƙafar ma ba lallai ta tsira ba. Babban ɗansa, yaron kirki amma wuta ne, ya kwashe duk wani abu mai zaƙi a gidan, ya bi masu tireda da gargaɗi, ya kafa doka. Tsoho ya ce to. Ƙafa dai ta ci gaba da tsattsafo da ruwa.

Matarsa ce ta gano dalili. Ta ɗauki hularsa za ta wanke, sai ta tarar kiyashi sun yi layi a ciki. Dattijon da ake kawo wa rigima ya sasanta, shi ne ya koma ɓoyon mazarƙwaila a ka! Abin ya ba ta dariya, daga baya tausayi ya kama ta har ta goge ido da bakin zane. Ba ta gaya wa ɗan ba, ba ta nuna wa mijin ta gani ba. Ta kakkaɓe hular ta mayar, ta sa ido. Ta lura kwaɗayin ba ya wuni da shi. Da gama cin abinci yake zuwa, ya fi ƙarfi ranar da ya ci farar shinkafa ko tuwo da ɗan romon miya cikin gaggawa, kuma in wani ya shigo da magana, kafin a gama hira abin ya wuce. Sai ta gyara tukunya, ta yawaita wake da zogale da rama, ta rage malmalar tuwo. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan: ta ɗauko kwanonta ta zauna a gefen tabarmarsa. Da suka wanke hannu ta ce, "Malam, ni fa ban taɓa samun rabo a mazarƙwailar nan taka ba, kullum maza ke cinyewa." Ya dube ta, ya dubi ƙofa, ya cire hula a hankali. Ya fasa, hannunsa ya bi inda ya saba, ya miƙa mata babban, ɗan guntun ya zama nasa. Ita kuwa tun tana budurwa ba ta son zaƙi, amma ta zauna tana tsotsa tana yabawa.

Daga nan kullum tana gefensa. Wata rana ta kawo ƙuli-ƙuli mai tauri ta ce haƙoranta ba za su iya ba, ya fasa mata. Ya fasa, suka ci, suka kora da shayin citta da kanumfari wanda bai ga suga ba, tana jan shi da labarin mutanen da. Ba zan ce miki ya daina a take ba. Akwai ranakun da kiyashi suka koma hula, ta kakkaɓe ta mayar masa. Amma kafin a sare raken shekarar ƙafa ta kame, ya taka da kansa har fadama tana biye da shi. Ɗan ya yi ta murna dokarsa ta yi aiki, uwar ta bar shi da murnarsa. A hanyar dawowa ne tsohon ya tsaya ya ce mata, "Tun ranar farko na san kin ga hular nan. Da kin yi magana, da kunya ta kashe ni kafin ciwon." Ta ce ita ba ta ga komai ba, shi dai ya yi sauri don rana na yi.

Don haka ki tashi ki je, lokacin abincinsa ya yi. Ki ɗauki kwanonki ki zauna kusa da shi, kada ki tashi da ya gama. Kwaɗayin nan baƙo ne, ba ya daɗewa in ya tarar da mutane a wurin. Magabata sun ce abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa shi.