Abin da Ya Cinye Wurin

Kunne ɗaya na iyafis ɗin Yaya naɗe yake da salatif. Shi na ƙura wa ido lokacin da mijinta ya fizge 'yar na'urarta ta jin waƙa, ya jona ta da kwamfuta.

"Ni fa da ƙanwata nake magana," in ji Yaya. "Cika kawai ta yi, bar ta."

"Ina raye za a kai wa wani gyara? Ku matso ku ƙaru. Inna, ke ma zo ki ga aikin ɗanki."

Ma'aikacin banki ne, amma ya yi imani mawaƙi aka haife shi. Duk waƙar da ya rera a ɗaki sai ya zuba wa Yaya a na'urar, ita kuma ta rantse masa da ita take tashi kullum.

"Abin da kuka goge ba ya tafiya," ya ce, yana kaɗa yatsa. "Ɓuya yake yi a wani kwando, yana cin wuri. Shara ce zalla!"

Ya buɗe kwandon. Waƙoƙinsa ne jere reras, ba ko ɗaya da ta tsira. Yaya ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

Inna, da ba ta karatu, ta leƙo ta kafaɗarsa. "Kai, sharar da yawa! To kwashe mata mana."

Ya danna. Wuri ya dawo fal. Ya ajiye na'urar a hannun kujera, ya zura takalminsa, ya ja ƙofa a hankali.