Zakaran Ƙungiya

Tun da aka kafa dokar hana ƙyanƙyasar zakaru, guda ɗaya tak ya rage a duk Malumfashi. Ƙungiyar masu kiwon kaji ce ta yi tsayin daka aka bar mata shi, kada irin kajin gida ya ɓace. Gida-gida yake zagayawa, kowane ɗan ƙungiya wuni ɗaya.

Ranar Talata layi ya zo kan Gwaggo Kande.

"Gwaggo, kajinki biyu ne, sun ma daina ƙwai," in ji Barau, sakataren ƙungiya, yana miƙa mata kwandon da zakaran yake ciki. "Me zai yi miki?"

"Kai dai miƙo, Barau. Ranata ce."

Ta sauke shi a tsakar gida, ta watsa masa dawa. Da hantsi ya ɗare kan turmi, ya karkaɗa fukafukai, ya yi cara. Rabonta da wannan muryar tun maigidanta yana raye.

Sai zakaran ya karkata kai yana jiran wani zakara ya amsa. Gari tsit. Ya sake, ya kuma jira.

Gwaggo ta waiga ta ga ba kowa. Ta gyara murya, ta amsa masa.