Ledar Najiba da Yayen Maijidda

Wata biyu ke nan da sallamo Najiba daga asibiti a Funtua. Taifot ce ta huda mata hanji. Likitoci suka yi aiki, suka fito da bakin hanjin ta gefen cikinta, suka manna leda a wurin. Nan bayan gida yake sauka, sai ciki ya warke a mayar da hanjin. Sista Liatu, wadda ta yi jinyarta, ta ja mata kunne: ta ci abinci sosai, kada ta yi wasa da ruwan gishiri da sukari, domin ledar tana kwashe ruwan jiki.

Najiba ta kiyaye. Tana zubar da ledar a kan lokaci, ta wanke jikinta tas, ta ba 'yarta Maijidda nono. Mijinta Zubair yana bin kasuwannin Bakori da Danja sayen masara, sai Juma'a yake kwana gida.

Ranar da Zakiyya mai kitso ta zo, tana sa mataji a kan Najiba gashi ya biyo shi cike da hannu. Ta yarfar, ta miƙe, ta ƙwala wa uwar Zubair kira.

"Innalillahi! Hajiya, zo ki gani, har kan ma ruɓewa yake!"

Najiba ta ce, "Haba Zakiyya. Sista ta ce haka yake yi bayan babban aiki. Zai fito."

"To idan ya fito kya aiko. Ni ina da kawunan mutane a gari."

Sau uku ta wanke hannu da sabulu, ta bar kan rabi a tsefe.

Kafin la'asar Hajiya Mansura, uwar Zubair, ta ɗauke Maijidda.

"Yaye zan yi mata."

"Inna, shekararta ɗaya da wata huɗu..."

"Ke! A gidanku haka ake buɗe baki a kan 'yar fari? Nonon da ya haɗa jiki da kashi za ki yi ta ɗura mata? Ranar da ɗakin nan ya daina wari, kya gan ta."

Najiba ta sunkuyar da kai. Kunyar 'yar fari ta ɗaure mata baki, ko sunan yarinyar ba ta kira a gaban manya.

Ɗakin kuwa ba ya wari, amma babu wanda ya leƙa balle ya tabbatar. Aka ware mata kwano, ana ajiyewa a bakin ƙofa, a tura da ƙafa. Da Zubair ya dawo, cewa ya yi, "Ki yi haƙuri, kin san halin Inna."

Katanga ɗaya ce tsakaninta da ɗakin Hajiya. Tana jin kukan yarinyar, nono na tsiyaya a rigarta. Sai ta yi wa kanta dabara: idan babu abin da ya shiga, babu abin da zai fita, a rasa abin faɗa, a dawo mata da 'yarta. Ta riƙa juye wa kaji tuwonta. Ruwa sai ta jiƙa leɓe. Ga bazara ana tsananin zafi.

Rana ta biyar ta yanke jiki ta faɗi a gindin randa. Matan gidan suka yi cirko-cirko, kowace na cewa wata ta kama. A rana suka bar ta kwance, sai da aka buga wa Zubair waya ya taho daga Danja, ya kai ta asibiti.

"Wa ya hana ta ruwa?" in ji Sista Liatu.

"Babu wanda ya hana ta," Hajiya ta amsa.

"To ƙodarta ta taɓu, Hajiya. Aikin mayar da hanji da za a yi mata wata mai zuwa an ɗaga, sai an kai ta Zariya."

Wata bakwai Najiba ta yi tsakanin asibiti da gidan iyayenta a Malumfashi. Mahaifiyarta ke ci da ita a kwano ɗaya. Gashi ya tsiro, baƙi wuluk, mai laushi, har aka kama shi da ƙananan kitso. Aka mayar da hanjin, aka cire ledar.

Ranar da ta koma gidan mijinta, Maijidda na wasa a tsakar gida. Najiba ta ajiye kunya, ta durƙusa, ta ware hannu.

"Maijidda, zo. Ni ce."

Yarinyar ta ruga bayan zanen kakarta, ta leƙo, ta toshe hanci da yatsu biyu.

"Kashi!"

Abin da aka koya mata ke nan.

'Yan'uwana mata, ledar nan ba ta yaɗuwa, ba ta ɓata nono, gashin da ya zube bayan aiki kuma yana dawowa. Ku ba mai jinya abinci da ruwa, ku zauna kusa da ita, ku bar mata 'ya'yanta. Abin ƙyama ba a cikin ledar yake ba, yana wurin wanda ya raba uwa da 'yarta saboda ta yi ciwo.